Dariyar Tsakar Gidanmu

Shekarar da nake aji biyu a kwaleji ina karatun Hausa, muna da wani malami da ke koya mana ilimin walwalar harshe, wato yadda magana take sauya kama gwargwadon masu yin ta da wurin da ake yin ta. Gajere ne, mai son aikinsa fiye da kima, kuma in bayani ya yi masa daɗi sai ya riƙa ɗagawa a kan yatsun ƙafa. A darasin farko ya rubuta kalma ɗaya a allo: ɓarawo. Ya ce in ka ɗaga murya ka faɗe ta a tsakiyar kasuwar Wunti kana nuna wani, ka ja masa duka, wataƙila ma ka ja masa ajali. In kuwa kaka ce ta faɗa wa jikanta da ta kama da hannu a tukunyar miya, ƙarshenta ƙarin nama zai samu. Ma'ana ba a cikin kalma kaɗai take zaune ba, in ji shi. Sai ka tambayi wa ya faɗa, wa aka faɗa wa, a ina, da wace irin murya, kuma a gaban wa. Ya sa muka haddace tambayoyin nan kamar karatun allo. Ni kuwa sun yi mini daɗi ƙwarai, har na koma gida ina auna maganar kowa da su.

Da muka zo kan wasan barkwanci, sai Malam ya ƙara tsawo. Ya kawo na kaka da jika, na Fulani da Barebari, na taubasai, wato 'ya'yan mace da 'ya'yan ɗan'uwanta namiji. Ya ce a irin wannan dangantaka al'ada takan zare wa magana dafinta, zagi ya koma adon harshe. In taubashi ya ce da kai bawansa, siffantawa ce. In ya ce kai kaɗai kake cinye buhun gero, kambamawa ce. Wanda aka yi wa ba shi da ikon fushi, domin a haƙiƙa ba a zage shi ba. Na rubuta duk wannan da kyakkyawan rubutuna, amma ni a gidan taubasai na tashi.

Gidanmu yana Ƙofar Ran, babban gida ne irin na da, zaure biyu kafin ka kai tsakar gida. Baba yana alfahari da abubuwa da dama, amma babu kamar zumunci. Yakan ce gidaje duk sun watse, kowa ya gina katanga ya sa ƙyauren ƙarfe, mu kaɗai muka rage da ake shigowa ba sallama ana fita da dariya. Mai kawo yawancin dariyar nan ita ce babbar 'yar Gwaggo, ƙanwar Baba. Sa'ar yayana ce, tare suka yi rarrafe. Mace ce mai jiki, mai murya, mai iya kwaikwayon kowa, tun daga tafiyar limamin unguwa har kukan akuyar maƙwabta. Ba zan rage mata komai ba, in ta shigo gida ko makoki ake sai an murmusa. Mu duka taubasanta ne, amma mu 'yan ƙanana ɗanɗano kawai take yi da mu. Yaya ne abincinta.

Yaya yana da farfaɗiya tun yana yaro. Na sha ganin ta kayar da shi a tsakar gida, idanu su kakkafe, jiki ya sandare sannan ya kama karkarwa, Inna tana salati tana tallabe masa kai. In ya farfaɗo yakan yi kwana guda ba ya son haɗa ido da kowa. Da ya girma aka dace da magani a asibiti, ya riƙe shi da gaske, har aka yi shekaru bai faɗi ba. Ba ya hawa babur, ba ya leƙa rijiya, ba ya zama kusa da wuta. Ya buɗe ɗan shago a Wunti yana sayar da littattafan rubutu da alli da fensir, mutum ne mai sanyin murya wanda ko ciniki yake yi sai ka matso kafin ka ji shi.

Ciwon ya lafa, amma 'yar Gwaggo ba ta lafa ba. Tun suna yara ta iya kwaikwayon faɗuwarsa, kuma da shekaru suka yi ta tafiya sai ƙwarewa take ƙarawa. Takan juya ido, ta karkace baki, ta zube ƙasa tana shure-shure, gida ya kaure da shewa. An ce sau ɗaya yana ƙarami ya fashe da kuka ya jefe ta da takalmi, Baba ya zane shi a gaban kowa, ya ce ba a fushi da taubashi a gidansa. Daga ranar Yaya ya koyi abin da ake so. In ta zube, shi ma sai ya buɗe haƙora ya ce Allah ya shirye ta. Ni ban taɓa iya yin dariyar ba, har ana ce mini mai baƙin rai, kuma na yarda ina da shi.

Ya haura talatin kafin ya kula wata. Malamar firamare ce daga Tirwun, takan zo shagonsa sayen alli da jan biro. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, ta dace da shi. Tun kafin magana ta yi nisa ya zaunar da ita ya gaya mata ciwonsa, bai ɓoye komai ba. Ta ce ta ji, ta kuma yarda, amma ya bar mata iyayenta, ita ta san lokacin da za ta gaya musu da yadda za ta gaya musu. Aka kai kayan na-gani-ina-so, aka karɓa. A watannin nan na ga Yaya ya zama wani mutum. Ya sayi turare. Har waƙa na ji yana yi a bakin famfo, da wata murya da ban san yana da ita ba.

Sai maganar ɗaki ta taso. Akwai ciki da falo a gefen tsakar gida da Baba ya ce nan amarya za ta zauna. To, a falon nan 'yar Gwaggo ta ajiye firizarta shekara da shekaru, tana sana'ar ƙanƙara da zoɓo, don layinmu ya fi na gidan mijinta samun wuta. Yaya ya same ta cikin ladabi ya ce zai fara fenti, ta taimaka ta kwashe. Ta kwashe, har da guɗa ta yi masa. Amma ina tsaye lokacin da ake ɗora firizar a baro, na ga yadda ta bi shi da ido. Ban ce saboda firiza ta yi abin da ta yi ba, Allah ne ya san zuciya. Na dai faɗi abin da na gani.

Ana nan matar wani ƙanin Baba ta haihu, aka sa ranar suna a gidanmu. Mutanen Tirwun suka aiko cewa gwaggon malamar da yayarta za su zo barka. Kowa ya san me ake nufi, za su zo ne su ga gidan da za a kawo 'yarsu. Inna ta sa aka wanke har bayan randuna. A makon ne kuma Baba ya haɗu da malaminmu a masallacin Juma'a, don surukin wani abokinsa ne. Malam ya ce yana neman gidan da ake wasan taubasai na asali ya ɗauki murya saboda darasi. Baba ya ji kamar an ba shi sarauta. Ranar suna Malam ya zauna a zaure tare da maza, ya ba Baba wata 'yar na'urar ɗaukar magana, Baba da kansa ya shigo ya ɗora ta a kan tagar Inna, ya ce kowa ya saki jiki.

Da azahar tsakar gida ta cika maƙil. An zaunar da baƙin Tirwun a kan sabuwar darduma a inuwar dalbejiya, an ajiye musu tuwon shinkafa da lemo. Ina raba wa mata masa a faranti Yaya ya shigo cikin farar shadda, ɗauke da tiren naman suna, zai gaishe su. Ya durƙusa ke nan sai muryar 'yar Gwaggo ta tashi daga bakin madafa.

"Jama'a, a kawar da ruwan zafi, a rufe rijiya, bawana ya shigo! A shimfiɗa tabarma tun bai zaɓi inda zai zube ba!"

Aka fara dariya. Ta taho tana rangaji har gaban baƙin.

"Ku ne mutanen Tirwun? Sannunku da hanya. To, shawara zan ba ku kyauta. In za ku haɗa wa amarya kayan ɗaki, kada ku wahalar da kanku da gado mai tsawo, katifa a ƙasa ta isa. Ku dai sa mata cokali da tsumma da yawa, na goge kumfa. Kun ga yadda angon yake yi in abin ya motsa."

Sai ta yi. Ta juya ido, ta karkace baki, ta zube a gefen dardumar tana shure-shure, ɗankwali ya yi gefe, har ta harba kofin lemo. Ban taɓa ganin ta yi shi da kyau kamar ranar ba. Mata suka kama ciki, wasu suna tafi, wata ta rangaɗa guɗa. Yaya yana durƙushe da tire a hannu. Sai ya buɗe haƙora ya yi dariya da sauti.

"Allah ya shirye ki, baiwata," in ji shi.

Gwaggon malamar ba ta yi dariya ba. Ta dubi Yaya, ta dubi matan da ke kewaye, ta janye ƙafarta daga lemon da ya zube. Sun zauna har la'asar don kada a ce sun yi rashin ta ido, suka ba mai jego sabulu da zane, suka tafi.

Ba a daɗe ba wani dattijo ya zo zaure da kayan na-gani-ina-so a cikin jaka, ya ce an yi shawara, Allah bai ƙaddara ba, a yi haƙuri. Bai faɗi dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba, don kowa ya ɗauka ya sani. Inna ta yi kuka ta ce jahilci ne, mutane har yanzu suna tsammanin ana ɗaukar farfaɗiya a kofi. Ni na je na sami Baba na ce 'yar ƙanwarsa ce ta kashe auren nan, kuma da gangan. Ya dube ni kamar na yi saɓo. Ya ce wasa ne, tun kafin a haife ni ake yin sa, in kuma mutanen Tirwun ba su san wasa ba to ba su dace da mu ba. Ita kuwa 'yar Gwaggo da maganar ta kai kunnenta, cewa ta yi ai ba ƙarya ta yi ba, kuma ba ita ta ɗora masa ba. Washegari ta zo ta ci tuwo a ɗakin Inna, ko a jikinta. Yaya ya gama fentin ɗakin duk da haka, shuɗi mai haske, ya rufe ya koma shago. Ya daina sa turare.

Bayan 'yan makonni Malam ya shigo aji da na'urar da ɗan lasifika. Bai faɗi gidan da ya ɗauko ba, wannan na yaba masa. Ya kunna, muryar 'yar Gwaggo ta cika ajin, ɗalibai suka kama dariya tun ba a je ko'ina ba. Yana tsayarwa yana bayani. Bawana, siffantawa. A rufe rijiya, kambamawa. Cokali da tsumma, ya ce wannan hoto ne cikin magana, irin wanda ko marubuci sai ya yi da gaske. Da aka zo wurin faɗuwar, shi bai ga abin da ya faru ba, ƙarar kawai ya ji, ya ce da alama nan an haɗa da wasan jiki. Sannan ya mayar da shi baya kaɗan.

"Ku saurara da kyau. Kun ji dariyar namijin? Shi ake yi wa, amma shi ma yana dariya, har ya rama. Wannan ita ce hujjarmu cewa maganar ba ta da dafi."

Ya sake kunnawa. A wannan karon ba dariyar Yaya na ji ba. A ƙarƙashin shewar akwai wata dariya mai ƙarewa da ɗan tari, kusa da na'urar sosai, tana yi tana ƙarawa. Ta Inna ce. Ranar suna hankalina yana kan Yaya, ban lura da ita ba. Matar da ta sha tallabe kansa tana salati ita ce take dariya har da tari. Na ji kunya, na ji baƙin ciki, na kuma ji haushin kowa a ajin har da bango.

Na ɗaga hannu. Na ce, "Malam, akwai tambayar da ka koya mana da ba ka yi ba. A gaban wa? Akwai baƙi a wurin, dangin wadda zai aura. Ciwon da ake kwaikwaya na gaske ne. Kuma an fasa auren."

Na zaci Malam zai ji nauyi. Sai na ga ya ɗaga a kan yatsun ƙafa, idanunsa suna sheƙi.

"Kai! Ai wannan ya fi kyau! Kun gani? Wasan cikin gida ya faɗa kunnen bare, sai bare ya ɗauki ma'anar zahiri." Ya juya ya rubuta a allo, ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Sannan ya waiwayo ya tambaye ni ko mutumin zai yarda a yi hira da shi.

Na tattara littattafaina na fita. Zuciya ce ta ɗebe ni, na tari keke a bakin titi na ce Tirwun. Duk hanya ina shirya abin da zan faɗa wa mutanen nan da suka gudu daga mara lafiya. Gidansu yana can ƙarshe, inda sababbin gine-gine marasa filasta suka haɗu da gonakin masara. Na sami malamar a ɗakin mahaifiyarta tana duba littattafan yara, ta rame. Ko gaisuwar kirki ban yi ba na fara. Na ce farfaɗiya ba a ɗaukar ta, na ce ya yi shekaru bai faɗi ba, na ce abin kunya ne gidan da ya fitar da malama ya yi irin wannan tunani. Muryata ta kai rumfar da mahaifinta yake ɓarar masara. Ya aiko a kira ni.

Tsoho ne siriri mai farin gemu. Na durƙusa na gaishe shi da sauran fushina. Ya bari sai da na nitsu.

"'Yata, na ji abin da kika faɗa, kuma ba ki yi ƙarya ba. Amma ba ciwon ne ya hana ni ba. Ƙanina da muke ciki ɗaya da shi ya rayu da shi har ya rasu, ni nake ɗaukar sa. Da yarinyar nan ta gaya mini, ban ji komai ba. Abin da ƙanwata ta gani a gidanku shi ne ya hana ni barci. Ta ce an kwanta a ƙasa ana kwaikwayon yaron, gida duka yana tafi, har wadda ta haife shi. Na san wasan taubasai, mu ma muna yi. To in 'yata ta haifi mai irin ciwon fa? A tsakar gidan nan zai tashi."

Ya ci gaba da ɓarar masararsa, sannan ya ce yaron ya kwanta masa a rai. In zai kama haya a wani wuri, ko ɗaki ɗaya ne, ya fitar da matarsa daga gidan nan, to manyansa su dawo, zai ba shi.

Daga Tirwun shagon Yaya na wuce kai tsaye. Na gaya masa komai, ban rage ba. Ya sa na maimaita maganar hayar. Ya tashi ya zauna, ya sake tashi, ya ba wani yaro fensir ya manta bai karɓi komai ba. Kafin mako ya zagayo ya samo ciki da falo a wajen Tirwun ɗin, kusa da makarantarta, ya kai ni na gani. Akwai bishiyar gwaiba a ƙofar, ya tsaya yana nuna mini inda zai sa benci.

Saura Baba, don ba a neman aure sai da manya. Ya same shi a zaure bayan la'asar, ni ina tsaye a bayan ƙyaure. Yaya ya durƙusa ya yi bayani a hankali, yana zaɓen kalmomi. Baba ya saurara har ƙarshe.

"Wato kai, ɗan farina, za ka bar gidan ubanka saboda an yi maka wasa. Me zan gaya wa ƙanwata? In ce 'yarta ta kori ɗana? Duk Ƙofar Ran a ji cewa bare ya zo ya koya mana yadda za mu zauna da junanmu? In ka ga dama ka tafi, ƙofa a buɗe take. Amma ba da yawuna ba, kuma ba ni ba ƙannena, babu mai taka Tirwun neman maka aure."

Sai muryar Yaya ta fito, da ƙarfin da ban taɓa ji ba.

"Baba, ni ban taɓa jin sa wasa ba. Ko sau ɗaya. Tun ina yaro, duk ranar da ta yi, ji nake kamar in mutu."

Baba bai ɗaga murya ba. Da mamaki ma ya tambaya, mamaki na gaskiya.

"To me ya sa kake dariya?"

Ina nan a bayan ƙyaure har rana ta faɗi. Ladan ya kira magariba, Baba ya ɗauki butarsa ya fita. Yaya ya shigo ya wuce ni bai gan ni ba.

Da safe ya ce in koma Tirwun in ce wa tsohon ya gode, Allah ya ba 'yarsa wanda ya fi shi. Na ce ya je da kansa. Ya ce ba zai iya haɗa ido da mutumin ba. Ni na je. Bayan damina aka ɗaura mata aure da wani malamin makarantarsu. Yaya yanzu furfura ta fara fito masa, kuma har yau shi kaɗai yake kwana a ɗakin da ya gyara wa amarya.